Shaddar da Da'u Ya Zo da Ita

Ajingi, Talata

Malam Abdullateef,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya. Ni ce Zuliha, yayar marigayi Da'u.

Jiya maƙwabciyata Hanne ta miƙo mini wayarta, wai in ga fim ɗin da ka yi a kan ƙanena. Na ga wani ana kiransa Da'u, yana kwana ƙarƙashin gada a Kano, yana shan maganin tari kwalba-kwalba. Na ce ƙarya ne, namu tela ne. Sai aka nuno shi yana aron shuɗiyar shadda wurin mai wanki, zai zo gida cirar gyaɗa. Malam, shaddar tana cikin akwatina. Ni na riƙe ta zan ɗinke aljihun, har ina tsokanarsa, tela da yagaggen aljihu.

Wanne ne gaskiya, wanne ka ƙara? Na ji za ka haska shi a Gaya. Inna ba ta san komai ba, kullum yabonsa take yi.

Na bar ka lafiya.
Zuliha

Gaya, Alhamis

Yaya Zuliha,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Da'u.

Ban ƙara komai ba, shi ya ba ni labarin da bakinsa. Duk kaka yakan daina shan, ya yi ta rawar sanyi har jikinsa ya saki, don kawai Inna ta gan shi a tsaye. Ɗayyabu mai wanki ya sha zagi wurin mai shaddar, amma Da'u ya ce ba zai iya tambayarki ita ba.

Ya ce a nuna wa mutane, ko sa daina tsallake irinsa a hanya. Amma ba zan haska a Gaya ba sai kin yarda.

Naki,
Abdullateef

Ajingi, Lahadi

Malam,

Ina gaisuwa. Na kuma kallo. Ban san ko fushi nake da shi ba ko kewarsa. Tun da fim ɗin ya yaɗu a waya, waɗanda ba su zo ta'aziyya ba sun fara zuwa, Inna tana tambayar dalili.

Ka dakata tukuna. Na ɗinke aljihun. Ban mayar da shaddar ba, ban kuma faɗa wa Inna ba.

Zuliha