Tarago Na Ƙarshe

Zuwa ga matata, sanyin idona,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya jikin Baba? Ya fara cin abinci kuwa? Allah Ya ƙara masa sauƙi, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Tun tafiyarki gidan nan ya yi mini faɗi, har kujerarki nakan yi wa magana.

Akwai abin da ban taɓa ba ki labarinsa ba. A jirgin ƙasa na ƙarfe shida na safe, inda nake duba tikiti, tarago na ƙarshe na matan kamfanin ɗinki ne. Da mun bar tasha ta biyu, wata dattijuwa da suke kira Inna Mai Zare sai ta lumshe ido ta ɗauko waƙa, saura su amsa. Babu ganga, sai murfin kular abinci da makullai da tafi, ƙafar jirgi kuma na riƙe musu kiɗa. Waƙar su suka ƙirƙiro abinsu, a kan allura da ciwon baya da 'ya'yan da suka baro suna barci. Wani tsohon maigadi mai komawa gida yakan miƙe ya taka a tsakanin kujeru, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe. In muka hau gada, tururi na tashi daga kogi, rana ta leƙo ta taga, sai in ji kamar taragon ya ɓalle daga jirgin yana shawagi da mu. Sau da yawa nakan manta tikitin wa ke hannuna.

To, wani fasinja ya kai ƙara wai ana damunsa. Jiya shugabanmu ya miƙo mini takarda: in hana su, in sun ƙi in sauke su. In ban yi ba, ni zan sha tambaya. Takardar na aljihuna kamar garwashi. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki mai kewarki,
Mai tikiti

Zuwa ga matata,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Baba, na ga saƙonki, na kuma ji shawararki cewa in lallashe su da hankali. Wallahi da wannan niyyar na shiga taragon ranar Alhamis.

Kafin in buɗe baki, Inna Mai Zare ta kamo hannun rigata, ta ce maɓallina ya kusa faɗuwa. Ta zaro allura daga ɗankwalinta ta hau ɗinka mini a tsaye, jirgi na jijjiga mu. A nan take gaya mini an rufe kamfaninsu, wannan ce tafiyarsu ta ƙarshe, za su je kwaso kayansu ne kawai. Shekara ashirin da biyu tana hawa jirgin nan. Ta yanke zaren da haƙori, ta ɗauko waƙa.

Ban san lokacin da na ajiye jakata ba. Maigadin ya miƙo mini hannu, ni mijinki, da ko a ɗaki ban taɓa taka miki rawa ba, na taka har muka wuce gada. Matan na dariya hawaye na zuba. Ashe mataimakin shugabanmu na tsaye a bakin ƙofa yana kallo.

An dakatar da ni sati biyu, daga nan za a mai da ni jirgin kaya, inda babu mai magana sai buhuna. Kada ki tayar da hankalinki, albashi bai canja ba, kuma ban yi nadama ba.

Ranar Asabar ina tafe. Shekara goma sha ɗaya ina aikin jirgi, ban taɓa zama kusa da taga ba. Jiya na je na bi layi na yanki tikiti kamar kowa. Ki gaya wa Baba surukinsa na zuwa da waƙa. Muryar dai sai haƙuri.

Naki har kullum,
Mai tikiti