Ɗakin Sama Na Yaya Babba Ne

Da sunan Allah mai rahama. Ni mahaifiyarku ce nake rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, tun kafin in sha maganin nan mai sa gyangyaɗi. Likitan zuciya ya faɗa mini gaskiya, na kuma yi masa godiya. Kada kowa ya yi kuka a kan takardar, tawadar ba mai kyau ba ce.

Gado Allah ya riga ya raba, ba zan sa baki ba. Wannan roƙo ne na uwa.

Na ɗaya. Ɗakina na sama, mai matakala ashirin da uku, babbar 'yata, Yaya Babba, ce za ta koma ciki. Na san tun rasuwar mijinta ta saba da ɗakin ƙasa na kusa da kicin, na kuma san za ta ce na tafi na bar ta da wahala. Ta karanta zuwa ƙarshe kafin ta yi fushi.

Akwai maganar da kunya ta hana ni yi muku. Aikin da aka yi mini ina shekara arba'in da huɗu, wanda muka riƙa ce wa aikin ciki, mahaifa aka cire har da gidan ƙwai. Daga ranar al'ada ta ɗauke, sinadarin da ke tsaron ƙashin mace ya tafi tare da ita. Ku kuwa kuka tsorata. Kuka sauko da ni ƙasa, kuka sayo mini kujera mai laushi kuka ajiye bakin taga. In na ɗauki bokiti a karɓe, in na ɗauki tsintsiya a karɓe. Wata rana Auta ya fizge mini kofin shayi, wai ya cika da yawa. Ni ma daɗi nake ji, har ina yi wa maƙwabta alfahari da ladabinku. Shekara goma sha ɗaya ina zaune kamar kayan ado.

Sai ranar da na sunkuya ɗaukar silifas, ƙashin bayana ya tsage. Da aka ɗauki hoto, likita ta nuna mini ƙashina duk huji kamar soson wanka. Ta ba ni magani, ta haɗa ni da mai gashin ƙashi. Ita ce ta fahimtar da ni cewa ƙashi yana riƙe ƙarfinsa ne in ana ɗora masa nauyi, in aka bar shi ba aiki sai ya yi ta zaizayewa. Da bayan ya warke ta sa ni tashi da zama sau goma, tsayuwa da ƙafa ɗaya ina dafe da bango, sai hawan bene. Shekara goma sha bakwai ke nan, ko yatsa ban sake karyawa ba.

Yaya Babba, ki yafe mini na faɗa a gaban ƙannenki: na ga kina fifita cikin sanyi, na san taki al'adar ta ɗauke bara. Na kuma ga 'ya'yanki sun fara karɓe miki jaka tun daga bakin ƙofa, kina murmushi irin nawa na da. Shi ya sa na ba ki bene.

Na biyu. Ƙarafunan motsa jiki guda biyu da ke ƙarƙashin gadona, da kambas ɗina shuɗi, su ma nata ne. Ƙafarmu ɗaya, ba ta da hujja. Amma ta fara ganin likita a duba ƙashin, kada ta ce na ce ƙarfe ya maye gurbin magani.

Na uku. Kujerar bakin taga a ba mai gadi. Shi yini yake a tsaye, ya fi kowa cancanta.

Na huɗu, wannan ne ya fi damuna. Auta, shekara shida ba ka shiga gidan yayanka Injiniya ba, saboda ka haɗu da mu a hanya ina ɗauke da ledar cefane biyu, matarsa tana tafe hannu banza. Ka kira ta mara kunya a gaban mutane. To ni na roƙe ta ta bar ni in ɗauka, na kuma ce kada ta gaya wa kowa, don na san za ku hana. Ta riƙe amanata ta shanye zagin, ni kuma na yi shiru saboda tsoron rigima. Laifin nawa ne. Amarya, har yanzu haka zan kira ki, ki yafe mini. Auta, ka je ka ba ta haƙuri tun ina da rai, ina so in ji labarin da kunnena.

Na biyar. Jikokina mata, ku yi gudu, ku yi tsallen igiya, kada wanda ya ce muku kun girma. Ku maza ma kada ku yi dariya, ƙashinku ba na ƙarfe ba ne, tsufa zai taɓa shi.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku abin da kuka yi mini, har da kuskuren, don ƙauna ce ta jawo shi. Duk ƙarshen mako ku taru wurin yayarku a sama, kowa da iyalinsa, ba wanda zai tsaya a ƙasa yana ƙwala sallama. Ita ce uwarku bayana. In kun tarar da ita a tsakiyar matakala tana haki da kaya a hannu, za ta harare ku, za ta ce ba ku da tausayi. Kada ku karɓa. Ku biyo ta a baya kuna yi mata hira har ta kai.