Sufeto Ta Ƙi Cin Abinci

Zuwa ga 'yata, Autata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da karatunki da sanyin garin nan naku da kike ta kuka da shi. Allah ya ƙara miki lafiya, ya buɗe miki ƙwaƙwalwa, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya dawo mana da ke lami lafiya. Mu nan sai godiya. Babanki lafiyarsa lau, in ban da gwiwar nan tasa da yake mantawa da ita idan zai fita hira, ya tuna da ita idan na ce ya sauko min da tukunya daga saman kabad. Yayanki ya kawo mana yara ranar hutu. Ƙaramar ta fara tafiya, kuma ba ta dosar ko'ina sai inda aka hana ta. Na ce wa uwarta kada ta wahalar da kanta, na san inda yarinyar ta gado halin.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa, tunda kusan kullum muna waya. Akwai maganar da bakina ya kasa faɗa ne. Duk lokacin da kika ce in nuna miki Sufeto, sai in ce miki tana barci, ko ta fita, ko hoton ba ya fita sosai. Kina tsakiyar jarrabawa, na kuwa san halinki, da kin ji sai ki rufe littafi ki zauna kuka. Yanzu kin gama, don haka ki nemi wuri ki zauna, ki karanta har ƙarshe kafin ki ɗauki waya. Kyanwarki tana raye. Na fara da wannan ne don kada ki riƙa tsallake layi. Amma an yi mata tiyata a ciki, kuma bayan tiyatar ta ƙi cin abinci har na fara fid da rai.

Ga yadda abin ya faru. Rigar sanyi nake saƙa miki, na so sai dai ki gan ta kwatsam, to ga shi asirina ya tonu. Kin san ba a banza kika sa wa kyanwar nan suna Sufeto ba, babu jaka ko kwandon da zai shigo gidan nan bai bi ta ƙarƙashin hancinta ba. Na tashi duba tukunya na bar kwandon saƙa a buɗe, ta shiga bincike, ta haɗiye zare mai tsawo. Sai ta fara amai, tana ɓuya a bayan kujera. Muka kai ta wurin likitar dabbobi, wata yarinya mai sanyin magana da ba ta girme ki sosai ba, ta duba ta ce zaren ya naɗe a hanji, dole a buɗe. Ni da na ƙare ƙuruciyata a ɗakin tiyata ina miƙa wa likitoci almakashi, ranar nan sai ga ni a waje ina jira. A benci na zauna ina tuna yadda kika miƙo min ita a bakin ƙofa ranar tafiyarki, kika ce amana ce. Ba ki ce in kula da littattafanki ba, ba ki ce in kula da kayanki ba, ita kaɗai kika ambata.

Aikin ya yi kyau, alhamdulillahi. Muka dawo da ita cikinta a aske, da ɗinki, da wani abin roba kamar mazurari a wuyanta don kada ta lashi ciwon. Da kin ga kallon da take yi mana daga cikin abin nan, da kin rantse mu muka haɗiye zaren. Likita ta ce a kula da tsafta, a riƙa ba ta abinci kaɗan-kaɗan. Ta kuma ja min kunne cewa kyanwa ba ta jure zama da yunwa kamar mutum, idan ta daɗe ba ta ci ba hantarta ke taɓuwa, kuma in aka kai nan sai an sa mata tiyo ana ɗura mata abinci, wani lokacin ma ba a cin nasara. Ni dai a duk bayanin nan kalmar tsafta ce ta fi shiga kunnena, tunda nan ne fagena.

Sai na tashi haiƙan. Na ce ɗakinki bai dace da majinyaci ba, ga darduma ga ƙurar littattafai. Na kwashe kayan ƙaramin ɗakin nan na kusa da kicin, na wanke ƙasa da bango da ruwan maganin nan mai warin asibiti, na shimfiɗa sabon tawul fari tas. Bargonki da take kwana a kai, da tsohuwar rigar barcinki da kika bar mata a kwando, duk na haɗa na tafasa su, na wanke, na goge. Kwanonta mai fasasshen baki na jefa shi a shara na sayo sabo mai ƙyalli. Tunda hannu ya riga ya shiga ruwa, sai na bi ɗakinki ma na wanke labule da zanen gado da duk abin da zai wanku. Babanki kuwa na hana shi shiga wurinta, na ce takalminsa na yawo ne. Ya ce abin da ya rage min kawai in kafa allo in rubuta lokacin ziyara. Na ce masa da na samu allon da na kafa.

Auta, babu abin da ban gwada ba. Kifin gwangwani, dafaffiyar kaza da na yayyaga siriri-siriri, romo mai ɗumi ba gishiri, abincin kyanwa na leda da likita ta ce su kan so. Na ɗumama don ƙamshi ya tashi, na lakato a yatsa na kai bakinta, na shafa mata a hanci ko za ta lasa. Sai ta sunsuna, ta juya ta fuskanci bango. Na ɗura mata romo da sirinji, rabi ya koma a rigata. Na tsaya a kanta hannu a ƙugu kamar yadda nake tsayawa a kan majinyata masu taurin kai, har manyan maza sun sha magani saboda tsayuwar nan tawa, amma ita ko a jikinta. Ina shafa bayanta ina jin ƙashi yana fitowa ƙarƙashin hannuna. Wata rana da hantsi dabara ta zo min, na kunna mata saƙon muryarki a waya, wanda kike ba ni labarin dusar ƙanƙara kina dariya. Ta ɗaga kai, ta miƙe da ƙyar, ta fita tana karo da bango da mazurarinta, ta je ƙofar gida ta zauna tana kallon mariƙin ƙofar. Ko kallon kwanon ba ta yi ba. Na kashe wayar, ban kuma sake ba, domin mu biyu ne muka kasa jurewa.

Muka koma wurin likita. Ta duba ta ce ɗinki lafiya, ba zazzaɓi, ba kumburi, ta sauya maganin ciwo, ta ƙara mata ruwa. Sannan ta tambaye ni inda take kwana da inda take ci. Na gyara zama na zayyana mata duk aikin da na yi, ina jiran yabo. Ta kuwa yaba, ta ce ba ta taɓa ganin ciwo mai tsafta kamar wannan ba. Amma ta ce kyanwa da hanci take gane gida, ni kuma na bi na wanke duk wani ƙamshi da ta sani, don haka a wurinta har yanzu tana asibiti, tana jiran a zo a kai ta gida. Ta ce in mayar da ita inda ta saba, in riƙa cire mata mazurarin lokacin ci, in daina tsayawa a kanta. Idan mako ya ƙare ba ta ci ba, sai tiyo.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Muna tsaye a danja sai babanki ya ce akwai abin da ya kamata in sani. Ya ce kyanwar nan ba ta iya ci ita kaɗai ba, ke kika ɓata ta, kullum kina zaune a ƙasa da faranti a cinya da littafi a hannu, ita kuma tana ci a gefenki. Na ce to ai kin daɗe da tafiya kuma tana ci. Sai ya kawar da kai yana kallon titi, ya ce tun da kika tafi, kullum da yamma idan na shiga kicin, shi yake ɗaukar shayinsa da burodi ya shiga ɗakinki ya zauna a kujerar karatunki, ita kuma ta ci nata a gefensa. Mutumin nan da yake ce min in daina damun yarinya da waya, ai karatu ta je ba yaƙi ba. Ni ban sani ba, domin ɗakinki in ba shara ko wanki ba ba na iya shiga, in na shiga kuma ba na daɗewa. Ga shi na raba ta da ɗakin, na raba ta da shi. Ya ƙara da cewa majinyata biyu yake gani a gidan, tunda ni ma rabon da ya ga na zauna na ci abinci tun ranar da muka raka ki, sai dai in ɗan tsakura a tsaye a bakin tukunya.

Da muka iso gida na shiga ɗakinki ina neman ko abu ɗaya da ya tsira daga hannuna. Babu, komai ƙamshin sabulu yake. Sai da muka ja gado, a tsakaninsa da bango muka tsinci safarki ƙafa ɗaya, shuɗiyar nan, ta sha ƙura. Shekara nawa ina miki faɗa a kan jefa safa bayan gado, ranar nan kuwa kamar na tsinci zinariya. Tsohon kwanon ma ashe babanki ya tsame shi daga shara ya zuba ƙusoshi a ciki, ya juye su ya kawo. Na ɗauraye shi da ruwa zalla, kuma Allah ne ya san yadda na daure ban sa sabulu ba.

Na ɗauko ta na ajiye a dardumarki kusa da safar, na cire mata mazurarin, na zuba 'yar kaza a kwanon. Babanki ya zauna a kujera da shayinsa. Ni kuma na zubo shinkafa a faranti, na zauna a ƙasa inda kike zama, na jingina da gado, na ba ta baya. Na fara ci ina kallon taga. Daga wurin nan ana ganin bishiyar maƙwabta da igiyar shanya, ban taɓa sanin abin da kike kalla ke nan duk shekarun nan ba. Mun daɗe a haka. Can sai na ji ɗan ƙarar harshe a jikin kwano. Na yunƙura zan waiwaya, babanki ya harare ni ta saman tabarau, na koma na zauna. Na ci gaba da kai cokali baki hawaye na zuba a farantin. Abin da ta ci bai fi cikin cokali ba, sannan ta je ta ɗora haɓarta a kan safar ta yi barci. Ni kuwa da na duba sai na ga na cinye nawa tas.

Tun daga ranar a ɗakinki muke cin abinci mu uku. Tana ƙarawa kaɗan-kaɗan, likita ta ce a bar maganar tiyo tukuna, amma ba mu gama fita daga daji ba, domin wata rana ta ci, wata rana ta sunsuna ta bari. Safar kuma ta fara komawa warin kyanwa, na lura ba ta neman ta kamar da. Shi ya sa zan roƙe ki abin da ban taɓa zaton zai fito daga bakina ba. Ki ɗauki rigar da kike barci da ita, wadda kika kwana biyu kina sawa, ki ƙulle ta a leda ki aiko mana. Kada ki wanke. Na san za ki yi dariya har ki faɗi, ki yi, na ba ki dama. Rigar sanyinki ma na kusa gamawa, in kin ga hannu ɗaya ya fi ɗaya gajarta, kin san inda ragowar zaren ya shiga.

Babanki yana gaishe ki, ya ce kada in faɗa miki maganar kujera, na ce masa to. Yayanki da matarsa da yara suna gaishe ki, Gwaggonki tana gaishe ki tana tambaya ko kin yi ƙiba, Kawunki ya ce ki riƙa rufe kunnuwanki in za ki fita. Ki gaishe min da ƙawarki da kuke ɗaki ɗaya, ki ce na gode da kula da ke. Ki ci abinci a zaune, kuma kada ki ci ke kaɗai in da hali. Ina kewarki, Auta, fiye da yadda nake nunawa a waya. Allah ya yi miki albarka, ya tsare min ke a inda idona ba ya kaiwa.

In za ki aiko rigar, ki aiko guda biyu. Kada ki tambaye ni ta biyun ta wace ce.

Mahaifiyarki mai ƙaunarki,
Mama