Na Zargi Ƙanena da Karce Min Mota

Malam mai fili, salamu alaikum. Don Allah ka agaza min da shawara, wani abu ne ya tokare min a ƙirji, na rasa wanda zan faɗa wa.

Tun ina aiki na taɓa jin wani direban ofishinmu yana cewa wai ba hanya ce ke cin fentin mota ba, masu motar ne da kansu, da tsummansu da tamfol ɗinsu. Na ɗauka hirar direbobi ce, irin wadda ake yi a inuwa ana jiran oga. Mu da muka tashi a gaban tsofaffi masu labari mun san yadda ake zuba wa zance gishiri.

To, na yi ritaya na sayi mota sabuwa fil, baƙa, ta farko a rayuwata, ina jin kuma ta ƙarshe. Gida ɗaya muke da ƙanena, kowa da sashensa. Motar a farfajiya take kwana, shi kuma ta tsakaninta da bango yake turo babur ɗinsa safe da yamma. Ni kuwa kullum da safe in yaye mata tamfol in bi ta da busasshen tsumma, da yamma in ja in rufe. Matata har cewa take da ita nake yi wa wannan hidima da tuni ta koma yarinya.

Ba a yi wata biyu ba na ga dogon layi fari a ƙofar baya, daidai tsayin hannun babur, ga ƙananan zane-zane a kan bonet. Ban tambayi kowa ba. Na tuna ranar da motar ta zo, ana ta sa albarka, ƙanen nawa ya zagaya ta yana wani murmushi. Sai na haɗa wannan da wancan. Na tsare shi a gaban matarsa da 'ya'yansa, na ce hassada ke cinsa tun muna yara, in ya ji haushi ya sayi tasa. Bai ce komai ba sai Allah ya ba da haƙuri, Yaya. Tun ranar yake barin babur a shagon mai walda a bakin titi, ya tako da ƙafa, ga ciwon gwiwa. Yana gaishe ni, amma gaisuwar baƙo. Yanzu na ji yana neman gidan haya.

Babur ya daina shiga, sai ga layi na biyu ƙasa da na farko. Na kai motar wurin mai fenti. Ya haska fitila ya nuna min zane-zanen nan duk zagaye suke, yadda hannu ke juya tsumma. Ya ce in kawo tamfol ya gani. Ashe ɗaya daga cikin zobban ƙarfen gefensa ya lanƙwashe, bakinsa kamar reza, har da baƙin fenti a jiki.

Malam, na san abin da za ka ce. Amma shekara bakwai na ba shi, ni na riƙe hannunsa ranar da aka sa shi makaranta. Kuma murmushin nan ya yi shi, ba ƙirƙira na yi ba. Me ya hana shi musawa? Ya bar ni ina ta zuba kamar mahaukaci. Tambayata biyu ce: yaya zan gyara fentin nan, kuma ba yadda za a yi maganar ta mutu da kanta, ba sai na je na tsuguna ba? Abin da ya fi ci min rai, kafin mai fenti, mutum na ƙarshe da ya yi min zancen tamfol ɗin nan shi ne ƙanen nawa, tun makon farko. Na ce masa mai babur me ya sani a mota.

Tsohon Ma'aikaci

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba. Mu fara da mai sauƙin, wato motar.

Ka bi karcen da farce. Inda farce bai maƙale ba, saman fenti ne kawai, man goge mota da kyalle mai laushi za su ɗauke shi. Dogayen layukan da suka yi fari kuwa sun nutse, a bar wa mai fenti ya cike su da launi daidai da nata kafin tsatsa ta shiga. Daga yau tsumma kada ya taɓa motar sai an fara kwarara mata ruwa, domin ƙurar da ke jikinta yashi ce. A wanke da sabulun mota, ba garin sabulun wanki ba, a shafa kakin goge mota duk bayan 'yan watanni. Tamfol a samu mai laushin ciki marar ƙarfe, a ɗora a kan mota mai tsabta, a ɗaga shi, kada a ja.

Sai ƙanenka. Na yarda kai ne babba, na kuma yarda abin da mutum ya daɗe yana buri in ya lalace hankali kan gushe. Wataƙila ma murmushin ya yi shi. Amma bai karce motar ba, kuma shirun da kake jin haushinsa, girmanka ne ya hana shi mayar maka da magana a gaban yara. Maganar ba za ta mutu da kanta ba, ranar da ya kwashe kaya za ta ƙara tauri.

Ba sai ka tsuguna ba, kada kuma ka aiki kowa. A gaban iyalinsa ka faɗa, to a gabansu za ka janye. Ka shiga sashensa ka ce ka gano abin da ya yi karcen, ka zalunce shi, ya yafe maka. Kada ka sako zancen murmushi. Kalmar hassadar nan ita ce ciwon, ka ambace ta da bakinka ka ce ba gaskiya ba ce. In bai sake a ranar ba kada ka yi fushi, shi ma ya kwana biyu yana haɗiya. Ka je yau, kafin ya samu gidan.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya bar ku a gida ɗaya, ya sa ka ci moriyar motarka lafiya.