Wayar Inna a Kan Kwano

Laraba da dare, Gwammaja

Barci ya ƙi zuwa. Yau wayar Inna ta mutu, wadda marigayi Yaya Sani ya saya mata, kuma duk saƙonnin muryarsa a ciki suke.

Kwana biyu cajinta ba ya daɗewa. Ina wurin aiki Inna ta ɗora ta a kan kwanon ɗakin girki tun hantsi, wai rana ta farfaɗo da batirin, kamar yadda Baba yake shanya batiran rediyonsa a da. A wannan zafin da ko ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa! Da na dawo la'asar, da tsumma na sauko da ita. Bayanta ya kumbura kamar fanke, gilashin ya ɗago.

Mai gyara a Ƙofar Nassarawa ya jujjuya ta. "Malama, batirin waya ba irin na rediyo ba ne, inuwa yake so. Cikinta ya ƙone. Ku gode Allah ba ta kama da wuta ba, kuma kar ta kwana a ɗaki." Na ce, muryar fa? Miƙo min wayar kawai ya yi.

Ta ina zan yi wa Inna faɗa? Gyara ta so yi. Kullum bayan isha'i sai ta saurari saƙon da yake cewa, "Inna, a ajiye min tuwona, ina hanya."

Ɗazu ta leƙo ɗakina. "Binta, ai ta sha rana sosai. Kunna min yayanki."

Na ce sai gobe. Ta ce, "To, Allah ya kai mu," ta ja min ƙofa.

Ya Allah, me zan ce mata gobe?