Ranar da Hadari Ya Haɗu a Kan Shamsan

Zuwa ga Ummata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Ya Taƙiyya da yara? An gyara katangar gonar sama kuwa?

Na ji Kawu Radman ya tayar miki da hankali, wai a nan birnin Adan a bakin dutse mai aman wuta nake kwana. Gaskiya ne unguwarmu cikin ramin take, shi ya sa Turawa suka sa mata Kiraita, wato ramin dutse mai aman wuta. Amma mutanen Adan Shamsan suke ce wa dutsen, kuma wutarsa ta mutu tun zamanin da. Zafi kawai ya bar mana, shi ma ana sabawa.

Ran Talata hadari ya haɗu a kansa. Na yi irin ta gida, na fito titi ina murna. Inna Fattum, tsohuwar da ke saman benenmu, ta leƙo ta taga ta ce, “Kai ɗan ƙauye, nan ba gonar ubanka ba ce. Hawo sama!” Ashe dutsen ba ya shan ko ɗigo, duk a kanmu yake juyewa. Ina hawa, ruwa ya cika ɗakina har taga.

Lafiyata ƙalau. Katifa ce kawai ta tafi, sai bargon da kika ba ni. A ɗakin ɗanta nake kwana yanzu, tana ciyar da ni tana yi min faɗa.

Ki aiko mata da zuma mai kyau. Addu'ar tsari daga wuta da kike yi min kuwa, Umma, ki haɗa da ruwa, ki sa sunan Fattum a ciki.

Ɗanki,
Mahyub