Sunan Jikana Na Gani a Jikin Jakar Jini

Malama Godelieve,

Don Allah ki taimake ni, ba ni da wanda zan faɗa wa wannan. Ki yi haƙuri da rubutun, shekara biyu ke nan da na fara riƙe biro. Ina 'yar sha huɗu aka kai ni masaƙa a garin Kortrijk ban iya haɗa baƙi ba, sai da na tsufa na shiga ajin manya na ranar Talata. 'Ya'yana ba su sani ba, sun ɗauka wasan kati nake zuwa.

Ɗana, bari in kira shi Ronny, ya yi shekara sha ɗaya yana tseren keke. Bai ci wani babban abu ba, aikinsa ɗauko wa manyan 'yan tsere ruwa da tare musu iska. Sai da ya zama manajan ƙungiya ya yi suna. Shekara shida baya aka kama 'yan tserensa uku da maganin ƙara kuzari, aka dakatar da shi shekara biyu. Mashayar magoya bayansa ta sauke hotonsa, mai burodi ta daina yi mini wasa. Ni kuwa na yi ta rantse wa mutane ƙazafi ne. Da ya dawo ya samu ƙaramar ƙungiya, ya ɗauki Seppe mai shekara ashirin da biyu, ɗan ƙanwarsa Hilde. Hilde ba ta so. Ni na ce mata ta yarda, na tsaya wa Ronny.

Ni ke yi musu wainar shinkafar da suke ci a kan keke, shi ya sa ya saya mini firij ya sa a ɗakin ƙasa. Akwai akwatinsa a ciki, ya ce bitamin ne. Bai taɓa kulle shi ba. Me zai ɓoye wa uwar da ba ta karatu?

Ranar Alhamis wuta ta ɗauke har awa huɗu, na buɗe in ga ko wani abu zai lalace. Jakunkunan jini ne guda biyar, kowace da suna da rubutun Ronny. Huɗu ban san su ba. Ta biyar an rubuta Musje. Haka nake kiran Seppe tun yana jariri, saboda ƙafafunsa sirara kamar na ɗan tsuntsu. Sau uku na karanta, ina fatan ni ce ban iya ba.

Na taɓa ji a talabijin ana ɗibar jinin 'yan tsere a ajiye, a mayar musu da shi kafin babban tsere don ya ƙara musu kuzari, kuma saura mako uku. Ranar Lahadi Ronny ya zo cin abinci, yana tsokanata wai na rame, ko na yi saurayi ne a wajen katin. Na ƙara masa dankali. In na yi magana, karo na biyu ke nan, sun kore shi har abada, wataƙila har gidan yari, kuma daga bakin uwarsa. In na yi shiru, wannan jinin zai shiga jikin Seppe. Ina zan sa kaina?

Kaka mai waina

Mama,

Rubutunki ya fita sarai, kuma abin da kika karanta daidai kika karanta.

Kina auna abu biyu da nauyinsu ba ɗaya ba. Ronny zai iya rasa sana'a da suna, kuma ban raina wannan ba: mutumin da bai san komai ba sai keke, an taɓa kunyata shi a garinsu, ba mamaki tsoron sake faɗuwa ne ya kai shi nan. Amma jinin da ya zauna awa huɗu babu sanyi a firij ɗin waina zai iya kashe mutum. 'Yan tseren nan biyar ne, kowanne yana da uwa.

Yau ki kira Ronny, ki faɗa masa kin iya karatu, kin ga sunayen, kuma wuta ta ɗauke. Wannan na ƙarshen bai sani ba, dole ya sani. Kada akwatin ya fita daga gidanki, kada kuma ki zubar. Yau ɗin dai ki faɗa wa Hilde. Za ta yi fushi da ke, tana da hakkin yi. Seppe ya ga likitan da ba na ƙungiya ba. Ke ma ki ga lauya, domin a gidanki abin yake.

Ki ba Ronny zuwa Juma'a ya kai kansa gaban hukumar tsere. Wanda ya je da ƙafarsa ya fi samun sassauci a kan wanda aka kamo. In ya ƙi, ke da Hilde ku je.

Wataƙila zai daɗe bai sake zama a teburinki ba, ba zan ɓoye miki ba. Wannan rashi ne da ake iya daurewa, ɗayan kuwa ba a iyawa. Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya tsare miki su duka biyun.

Godelieve